Kundin aikin neman sirdin da zai zauna wa Akawal mai kwantaccen tozo

6 ga Janairu, 2025

Dokin ingarma ne akawal, wato baƙi, shekararsa bakwai, tsayinsa daga ƙasa zuwa tozo santimita 147. Matsalarsa sirdi ba ya zama a bayansa. Da mahayi ya taka likkafar hagu zai hau, sai sirdin ya mirgino gefe. In aka yi sukuwa aka ja linzami ya yi zamiya, sai sirdin ya gangaro gaba ya hau allon kafaɗa. Maganin da ake yi masa a barga shi ne a ƙara ɗaure majayi, wato ɗamarar da ke riƙe sirdi ta ƙarƙashin ƙirji, kuma a ƙara shimfiɗa, har ta kai yau mun tarar ana sa masa abu huɗu kafin sirdi: bargo a ninke, zubka biyu da wani tsohon buhu.

Ga abin da hakan ya haifar. A bayan hammata, inda majayi ke bi, fata ta saɓule dama da hagu, na hagun ma yana ruwa. A gefen tozo ta kowane ɓangare akwai tabon farin gashi mai faɗin kwalabar lemo, kuma a baƙin doki abin ba ya ɓuya. Farin gashin nan ba ado ba ne, shaida ce cewa an daɗe ana danne wurin har saiwar gashin ta lalace. Da ya hango sirdi sai ya kwantar da kunne ya juya kuturi.

Tozon doki, wato tudun da ke tsakanin ƙarshen wuya da gadon baya, ƙasusuwa ne dogaye da suka tsiro daga ƙashin baya na ƙirji, kusan daga gaɓa ta 3 zuwa ta 8. A dokin da tozonsa ya fito, shi ne ke riƙe gaban sirdi ya hana shi juyawa. Akawal ba shi da wannan turke. In ka tsaya a bayansa ka duba, bayan nasa a zagaye yake kamar ganga. Sirdi a kan ganga kuwa ba abin da zai kama.

Kwanciyar tozo iri biyu ce, kuma dole a rarrabe su tun farko. Akwai wanda halittarsa ce ƙasusuwan gajeru ne, akwai wanda kitse ya binne. Mun danna da yatsu: ƙashin yana nan, amma a nutse cikin tsoka da kitse. Haƙarƙarinsa ba ya jiyuwa sai an danna da ƙarfi, kuma kitse ya taru a wuya da gindin wutsiya. A ma'aunin ƙibar dawaki na Henneke, mai mataki 1 zuwa 9, mun ajiye shi a 7. Ke nan shi ya haɗa biyun: gajeren tozo, ga ƙiba a kai.

Kewayen ƙirjinsa santimita 172, tsawon jiki daga kan kafaɗa zuwa ƙashin ɗuwawu 150. Lissafin nauyi shi ne a ninka kewayen ƙirji da kansa, a ninka da tsawon, a raba da 11,877. Ya ba da kilo 374 ko kusa da haka.

An dakatar da hawansa daga yau.

9 ga Janairu

Ɗaukar siffar baya. Kayan aikin ba su da tsada: wayar lantarki mai kauri da robarta a jiki, tsawon santimita 60, wadda in an lanƙwasa ta take tsayawa yadda aka bar ta, sai alli, kwali, almakashi da tef na tela.

An tsayar da dokin a dandaɓe mai daidai, ƙafafunsa huɗu a jere, kansa a inda ya saba riƙe shi. Wannan tsayuwar ita ce rabin aikin. In ya sassauta ƙafa ɗaya ta baya, ko ya sunkuya yana cin harawa, siffar bayan ta canza, awon ya tashi a banza. Sau uku muka sake saboda haka.

Da farko an lalubo gefen allon kafaɗa na baya aka ja masa layi da alli. Sai aka ɗaga ƙafar gaba aka miƙe ta, aka ga yadda allon ke komawa baya in yana tafiya. Saboda wannan motsin ne ake barin yatsa uku, wajen santimita 5, tsakanin allon da inda itacen sirdi zai fara. Nan aka ja layi na farko. Daga nan aka bi haƙarƙari na ƙarshe, na 18, daga kwiɓi aka hau da shi har inda ya haɗu da ƙashin baya, aka ja layi na ƙarshe. Bayan wannan layin ƙugu ne, ba haƙarƙarin da zai tallafi nauyi, don haka ba a yarda itacen sirdi ya wuce shi ba. Tsakanin layukan biyu a jikin Akawal santimita 41 ne kacal.

An ɗora wayar a layi na farko, tsakiyarta a kan ƙashin baya, aka shafa ta ta kwanta a jiki dama da hagu, aka ɗaga a hankali aka zana a kwali, tare da rubuta wane gefe ne hagu. Haka aka yi a tsakiyar baya da layi na ƙarshe, sai na huɗu da aka kwantar bisa tsawon baya. Kowane zane an yanke shi, aka mayar jikin dokin don tabbatarwa.

Da aka auna santimita 15 daga tsakiya zuwa ƙasa ta kowane gefe a kwali na farko, faɗin da ke tsakanin ɗigon biyu ya kai santimita 24. A sirdin da ake hawansa da shi, wannan awon 20.5 ne. Ga tushen matsalar nan: sirdin ya yi masa ƙunci da santimita 3 da rabi. Bai taɓa zama a bayansa ba, a ɗofane yake bisa gefunan ƙasa na allunansa, wato katakan sirdi biyu da ke kwanciya dama da hagu a bayan doki, daidai inda farin gashin ya fito. Kowace shimfiɗa da aka ƙara kuwa ƙara cike ɗan wurin da ya rage take yi, ta ƙara ɗaga sirdin sama, ya ƙara samun damar mirginawa. Allunansa kuma santimita 46 ne, sun hau ƙugu da santimita 5.

13 ga Janairu

An kawo likitan dabbobi ya duba ƙafafu kafin a kashe kuɗi a kan sirdi. Dalili shi ne, sirdin da kullum yake zamewa gefe guda ba lallai laifinsa ba ne. Likitocin dawaki a Ingila sun nuna cewa ɗingishin ƙafar baya, ko da ido bai cika kama shi ba, yakan ture sirdi gefe. An yi masa sassarfa a miƙe da kuma a da'ira ta hannu biyu. Ba a ga ɗingishi ba. An dai gyara kofaton baya da suka yi tsawo.

Mikin majayi ana wanke shi safe da yamma da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na tafasasshen ruwan da ya huce, sannan a shafa man da likita ya bayar. Baƙin man mota da wasu ke shafawa a miki an hana shi shiga bargar. Yana ƙona fata, yana tara ƙura.

Abinci: ana ba shi gero da dusa wajen kilo 4 a rana alhali kilisa sau biyu kawai yake fita a mako. Za a sauke hatsin a hankali cikin kwana 10 zuwa kilo 1. Busasshiyar ciyawa da harawa kilo 6 da rabi a rana, ciyawar ta fi yawa domin harawar wake da ta gyaɗa ma suna sa ƙiba. Ba za a bar shi da yunwa ba, doki mai ƙiba in aka yanke masa abinci farat ɗaya ciwo yake jawowa. Kullum da safe za a ja shi a ƙasa minti 40.

18 ga Janairu

Mikin ya bushe, don haka an gwada sirada biyar da aka aro, ba hawa, ba majayi, ba shimfiɗa. Duk wanda zai gwada sirdi ya fara da shi tsirara a bayan doki. Shimfiɗa ɓoye aibi take yi.

Yadda aka yi: a ɗora sirdin a gaba kaɗan, a tura shi baya har ya tsaya da kansa a bayan layin alli. A duba ko mazaunin ya daidaita, bai karkata gaba ko baya ba. A zura hannu ƙarƙashin allo daga gaba zuwa baya ana jin inda ya matse da inda ya bar rami. A leƙa ta baya a ga ko haske na wucewa ta hanyar da ke bisa ƙashin baya. Sai a dafa kwacciyar gaba, wato tudun gaban sirdi, da hannu ɗaya, ta baya da ɗayan, a jijjiga.

Uku daga cikin siradan gargajiyan cutarsu ɗaya da tsohon: bakin kwacciyar gaba a tsuke kamar kan bukka, an sassaƙa su ne don siririn doki mai fitaccen tozo. Sun ɗofanu, gabansu ya ɗaga, nauyi ya koma baya. Na huɗu ya fi faɗi, gaba ya zauna, sai dai allunansa a miƙe suke sam, sun taɓa gaba da baya sun bar tsakiya a sarari har hannu na shiga. Irin wannan nauyin mahayi duka a wuri huɗu yake sauka. Na biyar sirdin Turawa ne irin na 'yan folo, matsakaicin faɗi. Shi ma ya tsuke a gaba, kuma ko da ya dace ba zai ɗauki kayan hawan sallah ba.

An yanke shawara a sassaƙa sabo bisa kwalayen. An yi tunanin buɗe na huɗun, amma sai an kwance shi gaba ɗaya an sake alluna, kuɗin ya kusa na sabo.

25 ga Janairu

An kai wa masassaƙi kwalaye huɗun tare da awo a rubuce. Tsawon kowane allo santimita 40. Faɗinsa 12, domin a bayan da ba tozo faɗin wurin da itace ya kwanta a jiki shi ne riƙon. Hanyar tsakiya santimita 7 daga gaba har baya, kada ta tsuke a ƙarshe yadda aka saba gani, saboda ƙashin baya da jijiyoyin gefensa ba a ɗora musu komai. Bakin kwacciyar gaba a buɗe shi a zagaye kamar kifaffiyar ƙwarya. Kan allunan na gaba a fere su su ɗan buɗe waje, yadda allon kafaɗa zai shige ƙarƙashi in ya komo baya maimakon ya yi karo da itace. Ƙarshensu na baya ma a ɗan ɗaga shi kada ya soki ƙugu.

Masassaƙin ya kawo gyara mai kyau: kusurwar bayan doki ba ɗaya ba ce daga gaba zuwa baya, a gaba ta fi tsayuwa, a baya ta fi kwanciya, don haka dole allon ya ɗan murɗe. Kwali na farko da na uku sun nuna hakan ƙarara da aka jera su. An roƙe shi abu biyu: busasshen itace, kuma kada a rufe da fata sai an gwada a jikin dokin.

1 ga Fabrairu

Gwajin itace tsirara. An barbaɗa garin alli a bayan Akawal, aka ɗora itacen a hankali, aka danna da hannu biyu, aka ɗaga shi sak ba tare da an ja ba. Inda alli ya kama itace nan ne ya taɓa. A karo na farko ya kama gaba da baya sosai, tsakiya kaɗan. An ci wuraren da magagari, ba a wuce milimita 2 a lokaci guda ba, domin abin da aka cire ba ya komawa. A karo na uku allin ya shafi allunan kusan ko'ina, in ban da bakin gaba da aka buɗe da gangan.

Allon dama ya fi na hagu matsewa a bayan kafaɗa, wanda ya yi daidai da kwali: naman dama ya fi cika da kusan santimita 1. Ba a karkatar da itacen don ya bi wannan bambanci ba. Itace a bar shi daidai, a cike bambancin da abu mai laushi da za a iya cirewa, tunda tsoka tana canzawa da aiki.

Ko ba majayi, da aka tura itacen ta gefe da tafin hannu bai mirgina ba, dokin ne ma ya gyara tsayuwa. Wannan ne karo na farko da aka ga wani abu ya zauna a bayansa.

An gargaɗi baduku game da ɗanyar fatar da za a ɗaure mahaɗan itacen da ita. Tana tsukewa in tana bushewa, kuma ƙarfinta ya isa ya jawo allunan ciki. An yanka ƙaramin katako daidai faɗin kwali na farko aka tokare tsakaninsu, zai zauna har ta bushe a inuwa. Da iskar hunturun nan ba za ta daɗe ba.

8 ga Fabrairu

Yau batun majayi ne, kuma a nan rabin matsalar gangarowa gaba take. Kowane doki yana da wurin da majayi ke komawa da kansa, wato inda ƙirji ya fi tsukewa. A jikin Akawal wurin yana gaba sosai, yatsa uku kacal daga gwiwar hammata, domin cikinsa ya buɗe daga nan zuwa baya. A tsohon sirdi maɗaurin majayi yana tsakiyar allo. Majayin sai ya sauko a karkace, in doki ya fara tafiya ya nemi miƙewa, ya jawo sirdin gaba zuwa kan kafaɗa. Ƙara ɗaure shi ƙara ƙarfin jan ne kawai.

A sabon an yi maɗauri biyu a kowane gefe: ɗaya kusa da kan allo na gaba, ɗaya wajen santimita 25 daga gaban. Igiyoyin fata biyu sun sauko daga nan sun haɗu a zobe guda, na gaban ya fi gajarta, yadda zoben zai tsaya saitin inda majayi ke son zama. Na gaba yana hana gangarowa, na baya yana danne bayan sirdi kada ya riƙa ɗagawa yana lilo. Kada a yi na gaba shi kaɗai: zai dunƙufar da kan sirdin cikin naman bayan kafaɗa.

Majayin kansa an saƙa shi da zaren auduga, faɗin santimita 10, an rage faɗin a saitin hammata. Tsohon na igiyar roba ne mai faɗin yatsa biyu, shi ya yanka fata. Ba a sa roba mai talewa ba ko kaɗan, domin a doki mai zagayayyen baya talewar nan dama ce ta mirginawa.

Ɗan ƙirji, wato maɗaurin da ke zagaye gaban ƙirjin doki, zai zauna, amma a san aikinsa: yana hana sirdi komawa baya a hawan tudu, yana ɗan rage juyawa. Ba ya hana gangarowa gaba. Wannan aikin maɗaurin wutsiya ne, kuma an ba baduku ya ɗinka shi da taushin fata mai kauri a naɗe. Za a fara sa masa a turke minti 10 a rana, don dokin da bai saba da shi ba yakan matse wutsiya ya yi tutsu.

12 ga Fabrairu

An samu koma baya. Sirdin ya dawo daga wurin baduku a rufe, aikin fata ya yi kyau, faɗin itacen bai canza ba. Amma da aka ɗora shi sai ya mirgina kusan kamar tsohon. Laifin huhu ne, wato matashin da ke ƙarƙashin allunan. An cusa masa audugar rimi har ya kai kaurin santimita 5, ya kumbura a tsakiya. Abu mai zagaye a kan abu mai zagaye, sai ya zama a layi ɗaya siriri suke haɗuwa. Duk aikin magagarin da aka yi huhun ya shafe shi, har hanyar tsakiya ta ragu zuwa santimita 4.

Badukun ya yi abin da ya saba ne, kuma ga ramammen doki mai tsinin tozo kaurin nan alheri ne. Ga Akawal akasin haka ake so. An farke huhun, aka zare audugar, aka mayar da gashin tumaki wankakke a shimfiɗe, kaurin santimita 2 da rabi, aka bi shi da basilla ana ɗinke shi layi-layi tazarar yatsa biyu don kada ya taru wuri guda. Audugar rimi tana da laushi da farko, amma gumi da nauyi suna dunƙule ta ta yi ƙulli. An ja gefen huhun an ɗaure a jikin allo don hanyar tsakiya ta koma 7. An kuma ɗinka ɗan aljihu a gaban kowane huhu, inda za a iya zura abin ciko.

17 ga Fabrairu

Hawan farko bayan makonni shida. Gashi ya fara tsirowa a wurin mikin. Shimfiɗa ɗaya tak: farin ƙyallen auduga a jiki, zubka siririya a kai, an ja su sama cikin bakin kwacciya don kada su danne tozo.

An ɗaure majayi a mataki uku: sako-sako a turke, a ja dokin taku ashirin a ƙara, sannan a ƙara kafin hawa. Ma'aunin shi ne tafin hannu ya shiga tsakanin majayi da haƙarƙari a matse. Sai aka ɗaga ƙafafun gaba ɗaya bayan ɗaya aka miƙe, fatar hammata ta fita daga ƙarƙashin majayi. Mahayi ya hau daga kan turmi, wani na riƙe da likkafar dama. Wannan ba za a daina ba ko bayan an gama aikin. Babu sirdin da zai jure mutum ya rataya dukan nauyinsa a gefe guda a bayan da ba tozo.

Da mahayi a kai, yatsa uku na shiga tsakanin tozo da kwacciya, kuma akwai sarari ta gefe. An yi tafiya minti 15, sassarfa 10, sukuwa ƙarama sau biyu. Takunsa na gaba ya fi na da tsawo, kunnuwa a gaba. Da aka tsaya, sirdin na bayan layin alli, sai dai ya karkata hagu da kamar yatsa ɗaya. An cire igiyoyin likkafa aka jera: ta hagu ta fi tsawo da santimita 2, ta tale saboda ta nan ake hawa shekara da shekaru. Mahayi na taka ta yana jan sirdin. An sauya sababbi, kuma za a riƙa musanya su duk wata.

Farin ƙyallen ya nuna dattin gumi a shimfiɗe ta gefe biyu, tsakiya fes. A jikin dokin gumi ya jiƙa ko'ina sai wani wuri mai faɗin ƙwai a bayan kafaɗar dama da ya bushe. Ƙaramin busasshen wuri a tsakiyar jiƙaƙƙen baya alamar matsi ce, an danne wurin har gumi ya kasa fita. An zare gashin tumaki kaɗan daga huhun dama a saitin. Bayan awa ɗaya, da kuma washegari, an shafa bayan ba kumburi, ba zafi, bai noƙe ba.

24 ga Fabrairu

An sake awo. Kewayen ƙirji ya sauko 168, nauyi wajen kilo 356. Haƙarƙari na jiyuwa da ɗan dannawa, mun sa shi a mataki na 6. Tozon ya ɗan fito, ana ganin tudunsa daga gefe, ko da yake ba zai taɓa zama mai tsini ba. Sabon kwali a layi na farko ya ba da santimita 23.

Sakamakon haka gaban sirdin ya sauka. Yatsa biyu ne ke shiga yanzu da mahayi a kai, kuma mazaunin ya ɗan karkata gaba. An san za a zo nan, shi ya sa aka yi aljihunan. An zura yankin zubka mai kaurin milimita 6 a kowane gefe, an fere gefensa na baya don kada ya bar tudu. Yatsa uku sun dawo. Sirdin da ya ɗan yi faɗi ana iya cike shi, wanda ya yi ƙunci ba abin da za a yi masa, don haka a dokin da ake rage wa ƙiba gara a sassaƙa bisa faɗinsa na ranar.

Busasshen wurin dama ya ɓace a hawa uku na ƙarshe. Farin gashin yana nan, mai yiwuwa ya zauna har abada.

3 ga Maris

An shiga azumi, kilisa ta koma da sassafe. Yau aka gwada zamiya, sau uku ba tare da maɗaurin wutsiya ba, sau uku da shi. Ba tare da shi ba sirdin ya matso gaba da kusan santimita 2, ya tsaya a kan layin alli, bai hau kafaɗa ba. Da shi bai kai santimita 1 ba. An daidaita tsawonsa yadda hannu zai shiga a tsaye tsakaninsa da kuturi. In ya fi haka tsauri zai goge gindin wutsiya. Ranar hawa kawai da ranar gwajin zamiya za a riƙa sa shi.

Sai aka ɗora kayan hawa gaba ɗaya aka auna a sikeli. Sirdi da likkafu kilo 9, jalala da sauran kayan ado kilo 7, mahayi da rigunansa da rawani 63. Jimla 79. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce kada kaya da mahayi su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki, wanda a Akawal kilo 71 ne. An wuce da 8. An cire kayan ado na kilo 3, za a nemo likkafu marasa nauyi, kuma an rage tsawon lokacin da zai yi ɗauke da kaya a tsaye. Duk abin ado da za a ƙara a bisa sirdi zai zauna, ba a ƙarƙashi ba. In aka cusa ƙyalle ko ɗaya tsakanin huhu da baya, awon ya rushe.

An lura jalalar tana jan sirdin dama, domin an ɗinke maɗaurinta a karkace. An mayar wa baduku. Gashin tumakin huhu ya fara kwanciya a tsakiya, wanda aka saba gani bayan hawa goma ko fiye; za a ƙara kaɗan ranar 10 ga Maris, a sake barbaɗa alli, a kuma sake ɗaukar kwali karo na uku a layi na farko. In faɗin ya sauko ƙasa da 22, cikon milimita 6 ba zai isa ba, sai an yanka na 10.